Darasi na 14: Maɗaci da Akwati Mai Durowa

Dukanmu mun san maɗaci. Itace ne babba, mai inuwa, mai ɗacin ɓawo. Mukan jiƙa sassaƙensa mu sha don ciwon ciki. Masassaƙa kuma sun san ƙarfinsa. To, yau za mu karanta labarin danginsa na ƙetaren teku, da irin kayan ɗaki da aka yi da su.

A tsibiran Jamaika da Kyuba, da ƙasar da ake kira Beliz yanzu, akwai wani itace ɗan'uwan maɗaci. Turawa suna ce masa mahogani. Katakonsa ja ne. Ba ya saurin tanƙwarewa, yana da daɗin sassaƙa, in an goge shi kuwa sai ya yi ta walƙiya.

A shekarar 1721 Gwamnatin Ingila ta ɗauke kuɗin fito daga katakon da ake kawowa daga ƙasashen da take mulki a Amurka. Daga nan mahogani ya yi ta shiga Ingila cikin jiragen ruwa. Kafintoci suka raja'a a kansa. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Thomas Chippendale na birnin Landan. A 1754 ya buga littafi mai zanen kujeru da tebura da akwatuna, kafintoci na nesa da na kusa suka riƙa koyi da shi.

Amma kada mu manta da waɗanda suka sare itatuwan. Bayi ne da aka kwasa daga Afirka. Su ne suka shiga kurmi da gatari, suka ja gungume zuwa bakin kogi. Sai a 1834 dokar hana bauta ta fara aiki a waɗannan ƙasashe na Ingilishi. Mai kujera ya sha daɗi, mai gatari ya sha wuya.

Da manyan itatuwan can suka yi ƙaranci, sai 'yan kasuwa suka juyo Afirka ta Yamma. Suka sami dangin maɗaci a kurmin Gwalkwas, wato Gana ta yanzu, da na kudancin Nijeriya. Garin Sapele ya yi suna wajen katako, har akwai wani irin katako da ake kira da sunan garin.

Cikin kayan da aka yi da wannan katako akwai akwati mai durowa. Yana tsaye kamar kabad, da durowa huɗu ko biyar, wata bisa wata, don ajiye tufafi. Akwai irin na tafiya, wanda hafsoshin soja da ma'aikatan mulkin Turawa suke yawo da shi. Shi wannan yakan rabu gida biyu don sauƙin ɗauka. An ɗaure kusurwoyinsa da tagulla, an nutsar da marikansa cikin katako don kada su karye a hanya.

Yaya za mu gane aikin hannu na dā? Mu zaro durowa ɗaya mu dubi gefenta. Za mu ga an yanka wa katako biyu haƙora, masu siffar wutsiyar kurciya, an cusa na wannan cikin na wancan. Kome jan da aka yi wa durowar, haɗin ba ya kwancewa. In haƙoran ba su zama daidai wa daida ba, hannu ne ya yanka su. In duk girmansu ɗaya, galibi aikin inji ne. Za mu ga kuma fuskar durowar ce kaɗai ta mahogani. Cikinta wani katako ne mai araha, don mahogani yana da tsada.

Wanda ya gaji irin wannan akwati, kada ya faskara shi, kada kuma ya sayar da shi a wulaƙance. Ga yadda za mu kula da shi:

1. Mu ɗora ƙafafunsa bisa duwatsu, mu janye shi daga jikin bango, saboda gara da laima.
2. Kada mu bar shi a rana ko kusa da murhu. Zafi da iskar hunturu suna tsaga katako.
3. Mu goge shi da kakin zuma da tsumma mai taushi. Kada mu shafa masa fenti.
4. In durowa ta cije, mu goga kyandir a gefenta. Kada mu fizge ta da ƙarfi.

Saura abu guda. Kafinta yakan gama akwati cikin 'yan makonni, amma maɗaci sai ya yi shekaru masu yawa kafin ya isa yanka. Saboda yawan sara, a 2022 ƙasashen duniya suka amince a sa ido kan cinikin katakon maɗaci da danginsa tsakanin ƙasa da ƙasa. Mu ma muna da namu aikin. In damina ta faɗi, kowa ya dasa maɗaci ɗaya, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Inuwar da muke sha yau, wani ne ya dasa.

Tambayoyi

1. Daga waɗanne ƙasashe aka fara kai mahogani Ingila?
2. Su wane ne suka sare itatuwan?
3. Yaya ake gane durowar da aka yi da hannu?
4. Faɗi abu biyu da suke ɓata katako.

Rubutu

Kowa ya rubuta wannan sau uku a littafinsa: Zan dasa maɗaci bana.