Ma'aunin Ja-da-yatsa a Fuskar Waya da Ingancin Bayanan Nazarin Karin Harshe a Birnin Katsina

Masu nazarin Katsinanci, musamman ɗaliban manyan digiri a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, suna iya tattara ra'ayin masu magana da harshe ta wayar hannu ta hanyar manhajoji irin su KoboToolbox da ODK. Daga cikin hanyoyin amsa tambaya da waɗannan manhajoji suka tanada akwai ma'aunin ja-da-yatsa, wato layi mai ɗan maɓalli wanda ake ja daga 0 zuwa 100. A misali, a karanta wa mutum "Ya kawo ma Audu" da "Ya kawo wa Audu", sannan a nemi ya ja maɓallin gwargwadon yadda kowace jimla ta kwanta masa. Abin tambaya shi ne: lambar da wayar ta adana, ita ce wadda mai amsa ya nufa?

Lissafi kaɗan ya isa ya nuna girman matsalar. Idan tsawon layin santimita 6 ne, aka raba shi gida 100, kowane gida milimita 0.6 ke nan. Jagorar zayyana ta Google kuwa ta ba da shawarar kada wurin taɓawa ya gaza kimanin milimita 9. Ashe kan yatsa ɗaya yakan rufe gidaje kusan 15, kuma shi ne yake kare lambar da ake nema daga ganin ido. Wannan ya dace da ƙa'idar da Paul Fitts ya kafa a 1954, cewa duk sa'ad da abin da ake son taɓawa ya ƙanƙance, isa gare shi yakan ƙara ɗaukar lokaci, kuma gaggawa takan haifar da kuskure. Haka nan, yayin ɗaga yatsa maɓallin yakan ɗan goce. A lokacin hunturu, bushewar fata da ƙura sukan sa fuskar wayar ta yi nauyin ji.

Saboda haka, manazarcin da ya sami 62 ga "ma" da 58 ga "wa" a bakin dattijo ɗaya a Ƙofar Soro ba shi da hujjar cewa ya gano fifiko. Tazarar ba ta kai milimita 3 ba. Wani abin da ya fi wannan haɗari shi ne maɓallin da aka ajiye a tsakiya tun farko: wanda bai taɓa shi ba sai a lissafa shi cikin masu ra'ayin 50. Ya kamata kuma a gwada ko mai amsa da ya saba da karatun ajami daga dama zuwa hagu yana fahimtar alƙiblar layin yadda mai bincike ya tsara.

Ma'auni mai matakai 5 irin na Rensis Likert, wanda ya fito a 1932, yana ba kowane mataki milimita 12 a wannan layi, kuma taɓawa ɗaya ta wadatar. Inda dole sai an yi amfani da ma'aunin ja, sai a nuna lambar a saman yatsa, a bar layin ba maɓalli har sai an taɓa shi, sannan a bayyana samfurin wayar da tsawon layin a babin hanyoyin gudanar da bincike.