Gubar da Ke Ɓoye Cikin Gyaɗa da Masara

Uwargida, idan kin ɓare gyaɗa kika ga ƙwayar da ta yamushe, ko ta yi ɗaci, ko ta yi kore-kore, kada ki jefa ta cikin ta niƙa. Mai yiwuwa fumfuna ce ta kama ta, kuma wannan fumfuna tana fitar da guba mai suna afalatoksin. Masara ma tana kamawa.

Gubar ba ta da wari, tafasa da suya kuma ba sa kashe ta. Tana shiga koko, tuwo, miyar gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Hanta take nufa. Idan ana cin ta kaɗan-kaɗan shekara da shekaru, tana iya jawo ciwon daji na hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Ana kuma danganta ta da tsumburewar yara. Idan ta yi yawa, kisa take: a Kenya a 2004, mutum 125 suka mutu bayan cin gurɓatacciyar masara.

Ba a iya kawar da ita gaba ɗaya daga amfanin gona, shi ya sa gwamnatoci suka sa mata iyaka. Amurka ta yarda da kashi 20 cikin biliyan ɗaya. Tarayyar Turai ta fi tsanani: kashi 4 kawai a gyaɗar da za a ci kai tsaye. A Gana, Ghana Standards Authority ce ke sa iyaka, Food and Drugs Authority kuma tana duba abincin sayarwa.

Amma fa sai da gwaji na musamman ake auna wannan. Mudun da kika awo a kasuwar Salaga, Yendi ko Bawku, da wuya wani ya gwada shi. Abin da ya fi damuna shi ne, ana tsince gyaɗa mai kyau a kai kasuwa, rubabbiyar ta zauna a gida, a niƙa wa yara.

Fumfuna tana son zafi da laima. Farin ƙarshen damina ma yana raunana gyaɗa tun tana cikin ƙasa. Ki shanya a kan tabarma ko tamfol, ba a ƙasa ba, har ƙwaya ta riƙa kaɗawa cikin ɓawo. Ki ɗora buhu a kan katako, nesa da bango. Wadda kika tsince, ki binne ta. Kada ki ba akuya ko saniyar tatsa, domin gubar tana bi ta madara.