Idan Fitilar Motarka Ta Fara Rawa

Ɗana, tunda Allah ya sa abincinka a sitiyari yake, kuma layin da ka kama shi ne Kano zuwa Tudun Wada har Doguwa, zauna in yi maka magana a kan fitilar motarka. Maganar gudu da lodin da ya wuce ƙima kowa yana yi maka ita, daga shugabannin tasha har jami'an kiyaye haɗurra. Ita fitila ba a cika tunawa da ita ba, saboda yawancin tafiya da rana ake yi. Sai ranar da fasinja suka ƙi cika da wuri, ko taya ta ɓata maka lokaci a wajen Bebeji, magariba ta riske ka a Kwanar Dangora.

Daga nan ka san abin da ke gabanka. Za ka bar titin Zariya, ka karya hagu ka kama hanyar Jos. Kafin Tudun Wada akwai garuruwa, akwai masu shayi da masu faci. Da ka wuce ta kuwa sai Dajin Falgore, tafiya mai nisa, ba fitilar titi, ba shagon mai wayarin. Ga kwana, ga shanu masu tsallaka titi, ga babbar mota da ta lalace an zuba mata ganye a baya a madadin alama. Da kaka kuma ga motocin masara da rake daga Doguwa, wasu ko jar wuta babu a bayansu. An daɗe ana tsoron dajin saboda 'yan fashi, har sojoji suka mai da shi filin atisaye a 2017, kuma ko tsaro ya inganta, ba wuri ne da mutum zai so ya buɗe bonet cikin duhu ba. Ka riƙe wannan lissafi: motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowane sakan. In fitila ta ɗauke na sakan biyu kacal, ka yi tafiyar fiye da mita 50 ba ka ganin komai, da rayukan mutane a bayanka.

Rahamar da ke ciki ita ce, fitila ba ta cika mutuwa farat ɗaya ba. Takan yi kwana da kwanaki tana rawa, ta dushe ta dawo, ta ƙifta in ka faɗa rami. Yadda take rawar nan shi ke nuna inda ciwon yake, kuma ba wanda ya kai ka damar lura, domin kai kake tare da ita dare da rana. Saboda haka kafin ka je wurin kowa, ka samu wani dare ka tsai da motar tana fuskantar bango, ka kunna fitila, ka zuba ido. Ido ɗaya ne ke rawa ko duka biyun? Wutar dashbod da ta cikin mota suna rawa tare da su, ko suna nan daram? In ka taka totur hasken yana ƙaruwa, in ka saki ya ragu? In ka danna hon ko ka kunna abin share gilashi fa? Sannan ka tuna, a hanya, a kan gargada take yi ko ko'ina? Wanda ya je wurin mai wayarin da amsoshin nan ya rage masa rabin aiki, ya kuma rage wa kansa kashe kuɗi a kan abin da lafiyarsa ƙalau.

In duka biyun ne, har da wutar dashbod, to matsalar ta gidan gaba ɗaya ce, kuma ka fara da abin da ba ya cin ko kwabo. Buɗe bonet, injin a kashe, ka kama kan batir ka murɗa da hannu. In ya juya, ga ɓarawonka nan. Sau da yawa za ka ga farin gari ko kore-kore ya taru a wurin, wanda tururin ruwan batir ke haifarwa, shi ke shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe ya hana wuta wucewa. Ka kwance na nagetif tukuna, sannan na fozitif, in za ka mayar kuma nagetif ne ƙarshe, don kada sifana ta taɓa jikin mota ta yi tartsatsi. Ka wanke da ruwan ɗumi da 'yar kanwa, kana kiyaye kada ya shiga cikin batir ɗin, ka goge da sanfefa har ƙarfen ya yi haske, ka ɗaure tam, ka shafa ɗan giris a sama. Na roƙe ka, ka bar al'adar nan ta buga ƙusa ko cusa guntun gwangwani a tsakani, ko dukan kan batir da dutse. Zai kai ka yau, gobe ya ci amanarka a inda ba ka zata ba. Sabon kai ba shi da tsada. Ka duba kuma ko batir ɗin kansa yana ɗaure a mazauninsa, domin wanda ke tsalle a kan gargada shi ke sassauta kawunansa.

Daga nan ka bi baƙar waya mai kauri da ta fito daga nagetif, ka ga inda aka ɗaure ta a jikin mota da jikin injin. Mutane da yawa ba su san cewa wutar da ta je fitila dole ta koma batir ba, kuma ta ƙarfen jikin motar take komawa. In wannan mahaɗa ta yi tsatsa ko ta saki, komai na motar sai ya rikice: ka taka birki fitilar gaba ta dushe, ka sa sigina wutar dashbod ta riƙa ƙiftawa tare da ita. Motocinmu na haya, su Golf da Sharon, yawancinsu 'yan Kwatano ne da suka gama shekarunsu a Turai, inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Da tsatsarsu suke zuwa. Mu kuma mu ƙara musu da ruwan damina da ƙurar hunturu. Kwance noti ɗaya a goge wurin a mayar ya sha warkar da motar da aka kusa saya wa sabuwar altaneta.

To in waɗannan lafiya suke, sai a zo kan altaneta. Ka ɗauki batir a matsayin rumbu, altaneta kuma gona. Da rumbu ake tayar da mota, amma da zarar injin ya tashi, gona ce ke ciyar da kowa, ta kuma mayar wa rumbu abin da aka ɗiba. In haske yana bin totur, ya ƙaru in ka taka, ya yi ja in ka saki, gonar ce ta gaza. Ka fara da bel ɗin da ke juya ta. In ya saki, ko ya tsage, ko cikinsa ya yi sulɓi yana sheƙi, zai riƙa zamewa, kuma sau da yawa za ka ji kukansa da safe ko bayan ka ratsa ruwa. In bel lafiya, akwai 'yan burushi biyu na gawayi a cikin altaneta da ke cinyewa da tsufa, sai su riƙa taɓawa suna saki. Akwai kuma na'urar da ke daidaita ƙarfin wuta, wadda in ta lalace haske zai riƙa hawa da sauka kai kuma ba ka taɓa komai ba. Duka biyun ana canza su ba sai an yar da altaneta ba.

Akwai wata 'yar jar fitila mai hoton batir a dashbod. Ka saba duba ta: in ka murɗa makulli kafin ka tayar, dole ta kama, in injin ya tashi ta mutu. In ba ta kamawa sam, kada ka ce lafiya ke nan. A tsofaffin motoci da yawa ta cikin wannan ɗan ƙwan ne wutar farko ke bi ta tayar da altaneta, in ya ƙone sai ta ƙi fara caji har sai an taka totur sosai. Wanda kuma ya cire shi don kada mai saye ya ga yana kamawa, Allah ya shirye shi.

Ina so ka mallaki mita, 'yar ƙaramar nan ta awon wuta, ka koyi lambobi kaɗan. Batir mai lafiya, bayan mota ta huta, yana nuna kusan 12.6. In ya sauko wajen 12.2, rabinsa ya tafi. In injin yana aiki, ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.4 ko kusa da haka, kuma ya tsaya a wurin ko ka kunna fitila da fanka. In ya kasa kai 13, altaneta ba ta caji yadda ya kamata. In ya haura 15, tana wuce gona da iri, za ta riƙa ƙona maka ƙwai, ta tafasa ruwan batir har ka ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Da wannan mita ba ka bukatar gwajin nan da aka saba, na zare kan batir injin yana aiki a ga ko mota za ta mutu. A zamanin Fijo 504 da ake harhaɗawa a Kaduna ana yin haka a tsira, domin babu wani abu mai laushi a cikinta. Motar yau tana da ƙwaƙwalwa, kuma batir ne ke shanye hawan wutar da ke zuwa ba zato. Ka zare shi, wutar ta yi tsalle, ka ƙona abin da kuɗinsa ya ninka na altaneta. Duk wanda ya kai hannu zai yi maka haka, ka riƙe hannunsa da ladabi.

In kuwa ido ɗaya ne ke rawa, ka kwantar da hankalinka, ciwon yana kusa da fitilar. Ka musanya ƙwan dama da na hagu. In rawar ta bi ƙwan, shi ne ya tsufa, ka canza, kuma kada ka taɓa gilashinsa da yatsa, maiƙon hannu yana rage masa kwana. In ta tsaya a gefen da take, zare soket ka duba. Za ka iya tarar da robar ta narke, ƙarafan ciki sun yi baƙi sun saki. Yawanci abin da ke jawo haka shi ne ƙwai mai wat 100 da aka sa a gurbin mai 55 ko 60. Na asali yana jan kusan amfiya 5, wancan yana jan kusan 8, ta cikin waya da soket da ba a yi su don haka ba. Kada kuma ka raina ido ɗaya ka ce ai ɗayan yana gani. Mai tahowa daga gaba zai ɗauka babur ne, ya ba ka hanyar babur.

In duka biyun suna ɗaukewa tare amma dashbod bai motsa ba, sai a duba fis da rile da makunnin da ke jikin sitiyari. Rile ana gane shi ta hanyar musanya shi da irinsa na hon. Fis kuwa in ya ƙone, akwai dalili, kuma aikinsa ke nan ya mutu don mota ta tsira. Wanda ya naɗa masa waya ko takardar sigari mai ƙyalli ya cire mai gadi ne, ranar da wayoyi suka haɗu wuta ce za ta tashi a ƙarƙashin dashbod.

Na ga yaran yanzu suna son jera fararen fitilun nan masu kashe ido a gaban mota. Na san duhun hanyar ne ya sa, ban ga laifin mai neman haske ba. Amma in za a sa, a ja musu wayarsu daga batir, da fis ɗinsu da rile ɗinsu, kada a fere wayar fitila a murɗa a naɗe da leda. Irin wannan haɗi ne ke saki bayan wata biyu a kan gargada. Kuma in ka hango mota ko mai babur, ka kashe su ka sauke haske, domin wanda ka makantar, kanka zai nufo.

Wajen mai wayarin, ka nemi wanda ke ɗauko mita kafin ya ɗauko almakashi. Ka faɗa masa abin da ka gani dalla-dalla, ka tsaya a yi a gabanka, ka yi tambaya ba tare da raini ba, masu sana'a suna son wanda ke son sani. In ta kama sai an sayi kaya a Kofar Ruwa, ka tafi da tsohon a hannu don a gwada, ka kuma yi sharaɗin mayarwa in bai yi ba.

In Allah ya ƙaddara fitila ta ɗauke maka kana cikin tafiya, kada ka daka birki, kada ka fizgi sitiyari. Ka ɗaga ƙafa daga totur, ka jawo sandar fitila wajenka kamar za ka yi wa wani filashin, domin a motoci da yawa wannan hanyarsa daban ce, zai iya ba ka hasken da za ka gangara gefe. Ka kunna sigina biyu, ka sauka daga kwalta gaba ɗaya, ka ajiye alamarka mai kusurwa uku nesa da bayan mota, fasinja su fito su koma gefe. Shi ya sa nake so kullum a samu tocila, da sifana mai lamba 10, da fis kala-kala, da ƙwai ɗaya na ajiya a aljihun motarka.

Na san motar ba taka ba ce, kuma akwai balas da mai ita ke jira kowace yamma. Ka same shi da rana tsaka, cikin girmamawa, ka ce, “Alhaji, fitila tana rawa, ina neman rabin yini in kai ta a duba.” In ya ce a bari sai wani mako, ka ce ka ji, amma kafin nan za ka riƙa yin lodin safe kawai. In kuma yamma ta yi maka a Tudun Wada da irin wannan fitila, ka gaya wa fasinjanka gaskiya, ka haɗa masu sauri da wata motar, kai ka kwana a tasha, da safe a duba ta.