Kabewar Hunturu ko Kabewar Ajiya? Darasi Daga Lambun Bayan Ɗaki a Sabon Tasha

Gabatarwa

Da yawa daga cikinmu ɗaliban harshe mukan ɗauka cewa duk wanda ya mallaki ƙamus ya gama da matsalar fassara. Wannan ɗan rubutu zai yi ƙoƙarin nuna cewa ba haka abin yake ba, ta hanyar ɗaukar shuka guda ɗaya tak, wato ƙaramar kabewa wadda ake iya nomawa a bayan ɗaki. Na zaɓi Sabon Tasha da ke Ƙaramar Hukumar Chikun, a kan hanyar Kaduna zuwa Kachia da Kafanchan, saboda can ne na san ƙasar da ruwanta, kuma can ne Bajju da Atyap da Ham da Adara da Gbagyi suke cinikin kayan miya da Hausa, ko da yake ba da ita akasarinmu muka buɗi baki ba.

Sunan da danginsa

Kafin a kai ga rami, ya kamata a gyara baki. Kabewa daban, kuɓewa daban. Bambancinsu bai tsaya ga wasalin farko da baƙin "b" da "ɓ" kawai ba, har da karin sauti: kabewa tana tafiya ƙasa, sama, ƙasa, ita kuwa kuɓewa sama, ƙasa, sama. A kasuwar Sabon Tasha, inda ba kowa ne ke furta baƙaƙe masu ƙugiya ba, sau da yawa karin sautin da wasalin ne suke raba gardama tsakanin mai saye da mai sayarwa. Jam'in kabewa shi ne kabeyi, a karin harshen Sakkwato kuma za a ji ana cewa kabushi. Mai son bin diddigin irin waɗannan sunaye sai ya nemi littafin J. M. Dalziel na sunayen tsirrai da Hausa wanda ya fito a 1916, da kuma ƙamusun Bargery na 1934.

Kabewa 'yar gida ɗaya ce da duma da kankana da guna da soso da garahuni, dukkansu masu yaɗo ne. Sai dai ita baƙuwa ce a Afirka. Asalinta nahiyar Amurka, inda aka sami shaidar cewa mutanen ƙasar Meziko sun fara noma ta kimanin shekara 10,000 da suka wuce. Ta zauna da mu har ta zama uwar miyar taushe, ba wanda yake tuna cewa zuwa ta yi.

Inda fassara take tuntuɓe

Amurkawa sun kasa kabewa gida biyu. Akwai wadda ake tsinka tana ɗanya, ɓawonta da laushi, a dafa nan take domin ba ta jure ajiya. Wannan suna danganta ta da lokacin zafi. Akwai kuma wadda ake bari ta ƙosa a jikin uwarta har ɓawon ya yi tauri. Wannan suna danganta ta da lokacin sanyi. Wanda ya bi kalma da kalma zai fassara ta biyun da "kabewar hunturu", kuma ba za a ce ya yi wa ƙamus ƙarya ba. To amma me manomi zai fahimta? Bahaushe idan ya ce "tumatirin rani" ko "geron damina", lokacin noman abin yake nufi. Saboda haka wanda ya ji "kabewar hunturu" zai jira watan Disamba ya shuka, lokacin da ruwan sama ya ɗauke, rijiyoyi suka fara ja da baya, sanyin dare kuma yana hana iri tsirowa da wuri. Alhali su masu sunan ba da sanyi suke shuka ta ba, don ƙanƙara kashe ta take yi. Da zafi suke nomawa, su adana, su ci da sanyi. Sunan yana nuni ne ga lokacin ci, ba lokacin shuka ba. A ganina "kabewar ajiya" ita ce fassarar da ba za ta jawo wa kowa asarar iri ba.

Daga cikin kabeyin ajiya akwai wata mai dogon wuya da ƙaton gindi da ake kira Butternut, akwai kuma ƙanwarta Honeynut wadda masana a Jami'ar Cornell ta Jihar New York suka samar, wadda tsawonta bai fi tafin hannun babban mutum da kaɗan ba. Ƙanƙantar nan ita ce amfaninta a wurinmu. Babbar kabewar gargajiya gida ɗaya ba ya iya cinye ta a rana, shi ya sa ake sayar da ita yanka-yanka a kasuwa, kuma da zarar wuƙa ta shige ta kwanakinta ƙidayayyu ne, musamman inda wutar lantarki ba ta da tabbas. Ƙarama kuwa tukunya ɗaya ce: a fasa, a dafa, sauran 'yan'uwanta suna nan a rufe cikin ɓawonsu.

Daga rami zuwa rumfa

Yawancin gidajen Sabon Tasha na haya ne, fili kaɗan, ƙasar kuma ja ce mai tauri. Wannan ba ya hana komai. Idan ruwa ya zauna, wajen ƙarshen Mayu zuwa Yuni, sai a haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya a inda rana take bugawa sosai, a cika shi da ƙasa haɗe da ruɓaɓɓen taki, a ɗan tayar da shi ya yi tudu don kada ruwan Agusta ya kwanta a gindin shukar. Ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake yi, sai wanda ya kwana biyu ya huce. Wanda tsakar gidansa siminti ne sai ya cika babban buhu da wannan haɗi, ya huhhuda gindinsa.

A nan a lura da aikatau. Kabewa "shuka" ta ake yi, ba "dasa" ta ba, domin saiwarta ba ta son a taɓa ta. Ana sa ƙwaya 2 ko 3 a zurfin gaɓar yatsa, cikin kwana 5 zuwa 10 su tsiro, a bar mafi ƙarfi a cire sauran. Daga nan sai ta fara "yaɗo", kalmar da ba a amfani da ita ga masara ko dawa. Maimakon a bar ta ta mamaye tsakar gida har maƙwabta su fara ƙorafi, sai a nuna mata danga ko rumfa, ta kama da zare-zarenta ta hau. Babbar kabewa nauyinta yakan tsinke ta idan tana rataye, amma ƙaramar ba ruwanta. Awaki da kaji dai sai an yi musu shinge, wannan ba sai an faɗa wa ɗan unguwa ba.

Fure namiji, fure mace

Wannan shi ne wurin da ya fi dacewa a tsaya. A nahawu kabewa jinsin mace ce. "Kabewa ta yi fure" ake cewa, ko da yake a Hausar kudancin Kaduna za a ji "kabewa ya yi", saboda a can jinsi yakan ɓace a magana. Fure kuma a nahawu namiji ne. Amma a halitta, tushe ɗaya na kabewa yana fitar da fure iri biyu, namiji da mace, don haka dole ɗalibi ya ce "furen nan mace ne", jimlar da take nuna ƙarara cewa jinsin nahawu da jinsin halitta ba abu ɗaya ba ne.

Gane su ba wuya. Namiji yana tsaye a kan siririn kara, cikinsa da tsinke mai rawayar ƙura. Macen kuwa tana da 'yar ƙaramar kabewa a ƙarƙashinta tun kafin ta buɗe. Mazan ne suke riga fitowa, wajen mako 6 bayan shuka, su yi ta zubewa ba tare da sun bar komai ba. A nan ne mutane da dama suke yanke ƙauna su ce shukar juya ce, har wasu su tuge ta, alhali matan suna tafe bayan mako ɗaya ko biyu. Kowane fure safiya ɗaya yake buɗewa, kafin azahar ya rufe ke nan. Ƙudan zuma ne yake kwasar ƙurar daga namiji ya kai wa mace, idan kuma bai zo ba, sai 'yar kabewar ta yi rawaya ta faɗi. A unguwa mai cunkoso inda ake yawan fesa maganin sauro, ƙudan zuma yakan yi ƙaranci. Maganin abin shi ne mai lambu ya tashi da sassafe, ya tsinko namiji, ya cire masa ganyen furen, ya goga tsinken a tsakiyar macen a hankali. Aikin bai kai minti ɗaya ba.

Abokan gaba biyu ne suka fi damu. Akwai wani ƙaramin ƙuda da ke huda 'ya'yan tun suna ƙanana ya saka ƙwai, tsutsa ta ruɓar da su daga ciki. Ana kare su da rufe kowace da jakar takarda ko tsohuwar safa bayan furen ya bushe, waɗanda suka ruɓe kuma a binne su da zurfi. Akwai kuma cutar da ke sa ganye ya yi fari kamar an barbaɗa masa toka. A yanke ganyen da ya kamu, a bar iska ta riƙa ratsawa.

Ƙosawa da ajiya

Mangwaro "nuna" yake yi, ita kuwa kabewar ajiya abin da ake jira shi ne ta "ƙosa", wanda yakan ɗauki kwana 90 zuwa 110 daga shuka. Wadda aka shuka a farkon Yuni ke nan za ta kai a Satumba. Alama biyu ce: a danna farce a ɓawon ya ƙi shiga, sannan guntun karan da ya haɗa ta da uwar ya bushe ya yi tauri. A yanke da wuƙa a bar mata wannan guntu, domin idan aka fizge shi ta nan ruɓa take shiga. A shanya ta kamar kwana 10 a wuri mai ɗumi da iska inda ruwa ba ya taɓa ta, sannan a jera a kan katako ba tare da suna gugar juna ba. Haka za ta kai wata 2 zuwa 3, wato har kusan Kirsimeti, tana shiga taushe ko faten acca, ga jan namanta mai ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A.

Saura maganar iri. "'Ya'yan kabewa" magana ce mai harshen damo, tana iya nufin kabeyin da uwar ta haifa, tana kuma iya nufin ƙwayoyin da ke cikinsu, don haka mai fassara ya fi samun kwanciyar hankali idan ya ce "iri" a inda ake nufin na shukawa. Wanda zai ajiye iri kuma ya sani cewa ƙudan zuma bai san katanga ba. Idan maƙwabci yana da babbar kabewa mai dangantaka ta kusa, kabewar bana za ta fito ƙarama yadda aka saba, amma irin da ke cikinta zai iya ba da wani abu daban baɗi. Mai son irinsa ya tsaya yadda yake sai ya ɗaure bakin fure mace da na namiji da zare tun da yamma, ya haɗa su da hannunsa da safe, ya sake ɗaure macen, ya kuma sa wa wannan kabewa alama da tsumma don kada ta tafi tukunya.