Darasi: Yadda ake rubuta takardar gona

Ƴan'uwa manoman ƙasar Waca, yau za mu duba kalmomi uku: aro, jingina, saye. Gonar aro tana komawa ga mai ita. Gonar jingina tana komawa ranar da aka maido kuɗi. Gonar saye kuwa ta tafi har abada.

Sau da yawa daga nan rigima take tashi. Mutum ya rubuta: «Na ba wane gonata.» Shi ke nan. To, wace irin bayarwa? Bayan shekara 20 shaidu sun rasu, ƴaƴa suna ta zarya ƙofar sarki.

Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin kula da gonaki. Na ƙauye, mai gari ne shugabansa. Can za ku kai maganarku. Ku rubuta sunayenku da na shaidu, da kwanan wata, da maƙwabtan gonar gabas da yamma, kudu da arewa. In akwai burtali, ku faɗi.

Batun kuɗi, a yi hattara. Muna kusa da Nijeriya: sefa ne ko naira? Jika 50 ita ce dala 10.000. Ku rubuta da lamba, ku sake da harufa.

In gonar gado ce ba a raba ba, kada a ɓoye. Takardar faransanci ko ta ingilishi, kada ku dangwala hannu sai an fassara muku ita gaban shaidu.

Aikin gida: kowa ya rubuto takardar jingina, layi biyar, mu gyara tare.