Darasi: Tushe Ko Reshe, Wanne Za Ka Fara Karantawa?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai ɗalibi, ga tambayar darasinmu na yau. Idan littafi ya zo hannunka, aka ce maka daga wani tsohon wasan kwaikwayo aka ciro shi, shin sai ka san wancan wasa tukuna za ka buɗe wannan?

Ga misali. A 1971 aka buga Daren Sha Biyu, wanda marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar da shi Hausa daga wasan Shekisfiya, marubucin nan na Ingila da ya rasu a 1616. Labarin wasu tagwaye ne, mace da namiji, da haɗarin jirgin ruwa ya raba. To, in kana Doguwa ko Kiru, ka ce ba za ka taɓa na Hausar ba sai ka iya Turancin shekara 400 da suka wuce, ai ka yi biyu babu ke nan.

Amsar ma tana cikin makarantarmu. Ka san Ishiriniya da ake rerawa a watan Mauludi. Asalinta waƙar Alfazazi ce, mutumin Andalus, wanda ya rasu a 627 bayan Hijira. Amma wadda muka saba da ita tahamisi ne na Ibn Muhib: ya ɗora ɗango uku nasa a gaban kowane biyu na Alfazazi, suka zama biyar. Yara nawa ne a Bebeji da Tudun Wada suka haddace ta, suka ji daɗinta, ba su san haka ba? Ba su yi asara ba. Sai dai ranar da Malam ya nuna maka inda muryar wannan ta tsaya ta wancan ta kama, ranar za ka ga gwanintar mutum biyu, ba ɗaya ba.

Saboda haka, karanta wanda ka samu, kada ka jira. Amma ka kiyaye abu biyu. Na farko, ka tambayi asalinsa, ka neme shi in da hali. Na biyu, kada ka jingina wa mai tushe maganar da a reshe kaɗai ka gan ta. Wannan amana ce ta ilimi, kuma da ita malamanmu suke rarrabe matani da sharhi.

Ga aikin gida. Abubakar Tafawa Balewa ya rubuta Shaihu Umar, aka buga shi a 1934. Daga baya Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, aka buga a 1975, Adamu Halilu kuma ya yi fim ɗinsa a 1976. Nemi biyu daga cikin ukun nan, ka duba yadda kowanne ya nuna wahalar mahaifiyar Umar a wajen neman ɗanta. Rubuta abin da aka ƙara da abin da aka rage, da ajami ko da boko, ka kawo wa Malam.

Iyaye, don Allah a taimaka wa yara da aron littafi.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.