Tsabar Gilashi a Cikin Tayar Tirela

Mutumin unguwar Zogbeli a Tamale ba ya bukatar a gaya masa yadda tirela take. Daga tashar jiragen ruwa ta Tema tireloli suke tasowa, su bi ta Kumasi da Kintampo, su ratsa Tamale, su nufi Bolgatanga da Paga, bakin iyakar Burkina Faso. Wasu Wagadugu za su, wasu har Yamai.

In ka sami wadda ta tsaya, duba gefen tayarta. Za ka ga lambobi kamar 315/80R22.5. Lambar ƙarshe girman rim ce, inci 22 da rabi. Irin wannan taya tana juyawa kamar sau 300 a kowace kilomita. Daga Tamale zuwa Paga kusan kilomita 200 ne, ka ga juyi 60,000 ke nan.

Babu tayar da nauyinta ya zo daidai ta kowane gefe. Tun daga masana'anta wani wuri ya ɗan fi wani, in an yi mata faci kuma wurin facin ya ƙara nauyi. Tsohuwar da ke kaɗi ta san wannan sarai. In gululu ya fi kauri ta gefe ɗaya, mazari ba ya juyawa lafiya, sai rawa. Haka taya take. Direba zai ji sitiyari yana karkarwa a hannunsa, madubi yana kaɗawa. Taya ta riƙa cinyewa tabo-tabo, boris ya mutu tun kwanansa bai kai ba.

Maganin da aka saba da shi dalma ce. A ɗora taya a na'ura, na'ura ta nuna gefen da bai da nauyi, a maƙala guntun dalma a bakin rim. Yana aiki, amma rami ɗaya mai kyau ya isa ya cillar da shi. Ko bai faɗi ba, awon ranar da aka saka shi ne, taya kuwa kullum cinyewa take. Dalma kuma guba ce, shi ya sa Tarayyar Turai ta hana saka ta a tayoyin ƙananan motoci tun 2005.

Akwai wata hanyar. Ana zuba tsabar gilashi ko ta tangaran a cikin taya, ƙanana kamar gero, wasu ma ba su kai ba. Ba a manna su da komai, sake suke. Mota na tsaye, suna kwance a ƙasan taya. Da ta fara gudu sai su bazu a jikin bangon ciki, kamar yadda gero ke hawa gefen ƙwarya in ana juya ta da sauri. Duk lokacin da gefe mai nauyi ya fizgi taya, tsabar takan gangara zuwa gefen da ke fuskantarsa. A hankali har fizgar ta mutu, su kuma su tsaya nan. Mota ta tsaya, su zubo ƙasa. Ta tashi, su sake sabon rabo. Ba sa fara aiki sosai sai gudu ya kai wajen kilomita 40 a awa, don haka kada ka yanke musu hukunci a cunkoson kasuwar Aboabo ta Tamale.

Nawa ake zubawa? Masu yin ta suna ba da jadawali bisa girman taya. Ƙiyasin da aka saba bi shi ne giram 28 ga kowane kilo 6 na nauyin taya. Taya mai kilo 60 ke nan za ta ci giram 280. Yawanci tana zuwa a 'yar leda da aka riga aka auna. A jefa ledar a cikin taya kafin a ɗora ta a rim, ita da kanta za ta fashe a hanya.

Yanzu ga inda ake ɓata aikin. Yaron mai faci ya ɗauko bokitin ruwan sabulu zai kwarara a bakin taya don ta shiga rim da sauƙi.

"Kai, dakata! Shafa kaɗan a baki kawai, kada ɗigo ɗaya ya shiga ciki."

"Maigida, ai kullum haka muke yi."

"Kullum babu tsaba a ciki. Ka taɓa ganin garin da ya jiƙe ya bi rariya?"

Maigidan ya yi gaskiya. Tsabar da ta jiƙe dunƙulewa take yi ta maƙale wuri ɗaya, sai ta zama ita ce ciwon da aka zo magani. Ruwa kuma ba daga bokiti kaɗai yake zuwa ba. Tankin injin iska yana tara ruwa a gindinsa, musamman da damina, daga Mayu zuwa Oktoba. Akwai ɗan famfo a ƙarƙashin tankin. A buɗe shi kowace safiya, za ka ga ruwa mai tsatsa yana tsartuwa. Da hunturu iska a bushe take, amma ni dai ba zan bar ɗabi'ar ba.

Sai bakin iska. Ƙwaya ɗaya in ta maƙale a cikinsa, taya za ta riƙa sacewa a hankali. Shi ya sa ake sayar da tsabar tare da bawul mai matata. A saka shi. In za a auna iska, a fara hura kaɗan ciki don a kore abin da ya maƙale.

Kada wani ya ce yashi ko tsakuwa za su yi. Yashi yana kankare fatar cikin taya, wadda ita ke riƙe iska a tayar da ba ta da tub. Tsabar kuma ba ta miƙar da rim ɗin da ya lanƙwashe, ba ta gyara tayar da ta kumbura ko ƙafar da ta karkace. In an zuba ta daidai, a bushe, sitiyari bai daina rawa ba, a ɗaga motar da jak, a juya ƙafar da hannu, a riƙe alli kusa da bakin rim. Inda allin ya taɓa ya bar zane, nan ne lanƙwasar take.